Masaukin B&B a Birtaniya

B&B, wato abin da Turawan Ingila ke cewa bed and breakfast, ƙaramin masauki ne da ake buɗewa a cikin gidan zama, baƙo ya biya kuɗin kwana kuma a cikin kuɗin nan har da karin kumallo, na rana da na dare kuwa ya san inda zai nema. Abin da ya raba shi da otal shi ne masu gidan a ciki suke zaune, su ne masu buɗe ƙofa, su ne masu girki da wanki da gyaran gado, galibi miji da mata ne ko mace ita kaɗai, ɗakunan baƙi kuma ba su cika wuce uku zuwa goma ba. Wanda ya san fatoma a zangon fatake na da, irin na Salaga ko Kumasi, zai ga ɗan kama, sai dai fatoma dillali ne a la'ada yake samu, mai B&B kuwa gado da kumallo kawai yake sayarwa.

Tarihi

Saukar da matafiyi a gida don kuɗi daɗaɗɗen abu ne a Turai, amma sana'ar kamar yadda aka santa yau jirgin ƙasa ne ya haife ta a ƙarni na 19. Garin da aka fi kafa misali da shi shi ne Blackpool, a bakin teku a arewa maso yammacin Ingila. Layin dogo ya isa garin a 1846, ga shi kuma bayansa duk garuruwan masaƙun auduga ne na yankin Lancashire, irin su Oldham da Bolton da Blackburn da Burnley, masaƙun da daga baya Turawan mulkin mallaka suka yi ta nemar wa auduga a Zariya da Funtuwa. A waɗannan garuruwa akwai al'adar rufe masaƙu gaba ɗaya na mako guda a lokacin zafi, kowane gari da makonsa, ba a biyan ma'aikaci ko kwabo na wannan makon, shi ya sa tun farkon shekara suke zuba ɗan abin da ya samu a asusun tari, ranar hutu a raba, sai ka ga gari guda ya kwashe ya hau jirgi zuwa bakin teku.

Mutanen nan ba su da kuɗin otal, matan da suka ga haka suka fara kama dogayen gidaje kusa da tasha suna cika su da gadaje. Da yawa daga cikinsu ma daga garuruwan masaƙun suka fito, matar da ta zo daga Oldham 'yan Oldham ne ke sauka wurinta shekara da shekaru, a ɗaki ɗaya a tura mutum shida ko fiye, a gado ɗaya a haɗa waɗanda ba su san juna ba. Tsarin farko ba ma na kumallo ba ne, baƙo ne ke zuwa kasuwa ya sayo namansa da dankalinsa ya kawo, uwar gida ta dafa masa, ta caje shi kuɗin ɗaki da na dahuwa, har da ɗan kuɗin gishiri da barkonon da ke kan tebur, abin da Turawa suka daɗe suna yi wa matan ba'a a kai. Sun yi suna da tsanani, bayan kumallo a kore ka waje ko ana ruwa, ba ka dawowa sai lokacin abinci, wanka ma da kuɗinsa daban. Amma idan aka duba da idon adalci, mace ce da watanni uku ko huɗu kacal za ta tara abin da zai biya hayar shekara da bashin gadaje da katifu, ita da 'ya'yanta su koma kwana a kicin ko ɗakin ƙasa don a sayar da gadonsu, kuma a zamanin da ba kasafai mace ke riƙe kasuwanci da sunanta ba wannan na cikin 'yan ƙofofin da suke buɗe mata. Gajartar lokacin ciniki ce ma ta sa garin ya riƙe bikin kunna fitilu a bakin teku, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu wajen 1912, don a ja baƙi har cikin kaka.

Dokar hutun banki, wato ranakun hutun gama-gari, ta 1871 da dokar hutu da albashi ta 1938 sun ƙara yawan masu fita, bayan yaƙin duniya na biyu kuma abin ya kai ƙololuwa a shekarun 1950. A hankali aka bar tsarin kawo cefane aka koma biyan kuɗin abinci uku, daga baya da motoci suka yawaita mutane suka daina zama wuri ɗaya mako guda, sai aka tsaya a kan kwana da kumallo kawai, manoma ma a ƙauyuka suka fara kafa allo a bakin titi, musamman matansu da ke neman abin hannu ban da gona.

Faɗuwar garuruwan bakin teku ta zo ne daga shekarun 1960 zuwa 1970, lokacin da tafiya Sifaniya a jirgin sama ta yi arha, ga rana ga ɗaki da banɗakinsa, wa zai zauna a Blackpool cikin ruwan sama yana layin bayi. Gidaje da yawa suka rufe, wasu aka yayyanka su aka zuba 'yan haya marasa galihu, har yau garin na fama da wannan. Waɗanda suka rayu kuwa sun canza salo, ɗakuna kaɗan, tsada, kowanne da banɗaki. Na ƙauye sun sha mugun duka a 2001 lokacin annobar ciwon ƙafa da baki ta dabbobi da aka rufe hanyoyin yawon ƙafa a karkara, sannan korona ta rufe kowa a Maris 2020, a Ingila sai 4 ga Yuli aka bari su buɗe.

Saye

Hanya biyu ce, ko ka sayi B&B da ke aiki ko ka sayi gidan zama ka mayar. Na farko ya fi tsada don kana biyan suna da kwastomomi da kayan ciki, amma kana da littafin ciniki da za ka nuna wa banki, galibi na shekara uku ake nema. Bashin da banki ke bayarwa na kasuwanci ne ba irin na gidan zama ba, ruwansa ya fi yawa, kuma abin da mai saye zai ajiye daga aljihunsa yakan kai kashi ɗaya bisa uku na kuɗin ko fiye. Akwai kuma bambanci tsakanin mallakar gida da filinsa ɗungurungum da sayen haya ta shekaru, na biyun ya fi sauƙin shiga amma hayar ba ta san lokacin sanyi ba.

Littafin cinikin ma sai an karanta shi da hankali. Harajin VAT kashi 20 cikin 100 ne, kuma dole ne a yi rajista idan ciniki ya wuce fam 90,000 a shekara, adadin da ke aiki tun Afrilun 2024, to masu gida da yawa da gangan suke rufewa wata biyu ko uku don kar su tsallake wannan layin, saboda haka ƙaramin ciniki a takarda ba lallai yana nufin ba baƙi ba, haka kuma alƙawarin dillali cewa za ka ninka ciniki bai faɗa maka cewa za ka faɗa hannun VAT ba. Ana kuma duba kuɗin kafin alƙalami da tsohon mai gida ya riga ya karɓa daga baƙin da za su zo bayan ya tafi, da jerin kayan da aka sayar tare da gidan, har cokula. Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne ɗakinsu su kansu, a tsofaffin gidajen bakin teku mai gida yakan ƙare a ɗakin ƙasa mara taga sosai, ya sayi gida mai ɗaki goma yana kwana kusa da injin wanki.

Gyara

Kuɗin gyara kusan duk a banɗaki da ruwan zafi yake tafiya. Gidajen zamanin Sarauniya Biktoriya an gina su ne da bayi ɗaya a kowane bene ko ma a bayan gida, baƙon yau kuma ba zai yarda ya fito da tawul yana jiran wani ba, don haka sai a yanki kusurwar kowane ɗaki, a ja famfo da bututun ƙazanta ta cikin bene, wani lokacin a sadaukar da ɗaki guda don a samu banɗaki biyu, sannan a sa tankin ruwan zafi da zai iya ɗaukar mutum goma da duk za su yi wanka tsakanin ƙarfe bakwai da takwas. Bayan wannan sai danshi a bango, rufi, tsofaffin wayoyin lantarki, da toshe ƙara tsakanin ɗakuna. Gidan da aka gina ko aka gyara kafin 2000 ana bincikarsa ko akwai asbestos, wani kayan gini mai ƙurar da ke lalata huhu, kafin a fasa bango. Idan kuma gidan na cikin jerin gine-ginen tarihi da gwamnati ta kare, ko taga ba ka canzawa sai da izini na musamman, yin hakan ba izini laifi ne da ake kai mutum kotu.

Maganar gobara tana da nata tarihin. A ranar 26 ga Disamba 1969 wuta ta kama wani otal a garin Saffron Walden mutum 11 suka mutu, wannan na cikin abin da ya jawo dokar 1971 da ta tilasta wa masauki mai baƙi fiye da shida samun takardar shaidar kariyar gobara, ƙananan gidaje da yawa a lokacin suka rage gadajensu zuwa shida don su kauce wa kuɗin. Dokar 2005, wadda ta fara aiki a Oktoban 2006 a Ingila da Wales, ta soke takardar ta ɗora nauyin a kan mai gida komai ƙanƙantar wurin, shi zai tantance haɗari, ya sa na'urar jin hayaƙi, ƙofofi masu riƙe wuta na minti 30 inda ake buƙata, da fitilar gaggawa a hanyar fita.

Dokoki da haraji

Idan saukar baƙi ta rinjayi zaman iyali a gidan, ƙaramar hukuma na ɗaukarsa ya canza aji daga gidan zama zuwa masauki, sai an nemi izini. A Ingila gidan da ba ya saukar da fiye da mutum shida a lokaci guda, kuma mai shi a nan yake zaune, ba ya shiga harajin wurin kasuwanci. Akwai kuma rangwame ga mai sa baƙo a ɗakin gidansa, ba ya biyan haraji a kan fam 7,500 na farko da ya samu a shekara. Dole a yi rajistar kicin da ƙaramar hukuma aƙalla kwana 28 kafin a fara, masu duba tsafta su zo su ba da maki daga 0 zuwa 5, a kuma iya faɗa wa baƙo ko abincin na ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa 14 da ke tayar wa wasu da rashin lafiya, irin su gyaɗa da madara da ƙwai. Wata doka ta 1972 ta ce a rubuta sunan duk baƙon da ya kai shekara 16 a ajiye na wata 12. Sikotland ta fi tsanani, tun Oktoban 2023 sai da lasisi.

Gudanarwa

Ranar mai B&B tana farawa wajen ƙarfe shida, kumallo, sallamar masu tafiya wajen goma, cire zanin gado, wanki da guga da goge banɗaki, cefane, sai tarbar sababbi daga ƙarfe huɗu, har dare ana jiran wanda jirginsa ya makara. Ribar da ake gani a takarda mafi yawanta ladan aikin masu gidan ne da ba su biya kansu ba, da zarar an ɗauki ma'aikata biyu ta narke, kuma wannan ne ya sa da yawa da suka shiga da tunanin hutun ritaya suke sa gidan a kasuwa bayan 'yan shekaru.

Kumallon gargajiya shi ne soyayyen ƙwai, naman alade, tsiren alade na cikin hanji, wake, tumatir, burodi da shayi, a arewa har da wani baƙin abu da ake yi da jini. Musulmi sai ya faɗa tun lokacin kama ɗaki, yawancin gidaje suna da na marasa cin nama ko kifi.

A da allon bakin titi da ofishin yawon buɗe ido na gari da taurarin da ƙungiyar masu motoci ta AA ke ba masauki don nuna darajarsa ne ke kawo baƙi, yanzu intanet ce, shafin kama ɗaki na Booking.com da makamantansa suna cire wajen kashi 15 cikin 100 na kuɗin ɗaki, shi ya sa kowane mai gida ke roƙon baƙo ya kira kai tsaye in zai dawo.

Taƙaddama

Masu B&B na ƙorafin cewa masu sa gida a Airbnb, kamfanin hayar gida ko ɗaki ta intanet da aka kafa a San Francisco a 2008, ba a matsa musu da bincike kamar su. A Landan an ƙayyade irin wannan haya ta gida sukutum a dare 90 a shekara. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wasu masu masauki Kiristoci a yankin Cornwall na Ingila sun karya dokar hana wariya da suka hana wasu maza biyu ɗaki mai gado ɗaya. Ƙananan hukumomi kuma suna ajiye marasa muhalli a wasu B&B masu arha, dokar Ingila ta ce iyali mai yara kar su wuce mako shida a ciki, ana yawan karya ta.

A wasu ƙasashe

Ayalan tana da irinsa sosai, musamman a gidajen gona. A Faransa doka ta tsaida ɗaki biyar da baƙo 15, kuma sai an sanar da ofishin magajin gari. A Amurka an yi gidajen saukar matafiya lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930, baƙaƙen fata ma da su suka dogara a zamanin da otal ke korarsu, na yanzu kuwa sun bunƙasa ne daga ƙarshen shekarun 1970 bayan an kawo rangwamen haraji ga masu gyara tsofaffin gine-ginen tarihi. Kyuba ta halatta wa mutane saukar da 'yan yawon buɗe ido a gidajensu a 1997.