Kumbon da aka aika ya tunkuyi dutse: tambayoyi da amsoshi kan gwajin DART

A daren Litinin 26 ga Satumba 2022 wayewar Talata, sha biyu ta gota da minti 14 a agogon Najeriya da Nijar, wasu injiniyoyi a jihar Maryland ta Amurka suka ɓarke da tafi da sowa saboda kumbonsu ya yi raga-raga. Aikin ya ci kusan dala miliyan 325, kuma daman don a fasa kumbon aka ƙera shi. Sunansa DART, na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka.

Me ya sa za a ƙera kumbo mai tsada haka a je a fasa shi?

Don a gwada ko ɗan'adam zai iya kautar da dutsen sararin samaniya daga hanyarsa idan wata rana aka hango wani ya nufo mu. An harba kumbon a Nuwamba 2021 daga Kalifoniya a kan rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX, ya yi wata goma yana tafiya, ya je ya sami wasu duwatsu biyu a nisan kilomita miliyan 11 daga duniya. Babban, Didymos, faɗinsa ya kai mita 780. Ƙaramin, Dimorphos, kimanin mita 150 ne, wato tsawon filin ƙwallo ɗaya da rabi, kuma kewaya babban yake yi kamar yadda wata ke kewaya duniya. Ƙaramin aka nufa.

Nauyin kumbon bai kai kilo 600 ba, ka ce buhun masara shida. Ƙarfinsa a gudu yake: kilomita 6 a daƙiƙa guda. Da wannan gudu, Kano zuwa Kaduna ba ta kai daƙiƙa 40 ba.

Dutsen yana shirin faɗo mana ne?

A'a. Ko kafin karon ko bayansa, hanyarsu ba ta haɗu da tamu ba.

To wa ya tuƙa shi har ya sami ɗan dutse a wannan nisa?

Shi ya tuƙa kansa. A awa huɗu na ƙarshe an sakar wa kwamfutar cikinsa linzami, domin kafin umarni ya tashi daga ƙasa ya isa can, gudu ya riga ya wuce da shi. Kyamararsa ba ta ma iya bambance ƙaramin dutsen da babban ba sai da ya rage kamar awa guda. Duk daƙiƙa tana turo hoto ɗaya. Wanda ya kalli shirin kai tsaye zai tuna yadda abin ya faro kamar ƙwayar gero, ya koma kamar ƙwai mai launin toka, sai ga shi ya cika allo da tsakuwa da manyan duwatsu birjik. Hoton ƙarshe ɗan yanki ne kawai ya iso, sauran allon ya yi ja. Wannan jan shi ne shaidar an dace.

Ta yaya aka san dutsen ya gusa, alhali kumbon ya mutu?

A nan ne dabarar zaɓen duwatsu biyu ta yi rana. Daga ƙasa, na'urorin hangen nesa suna ganin su ne a matsayin ɗigon haske guda. Amma duk lokacin da ƙaramin ya gitta ta gaban babban, ko ya shiga inuwarsa, hasken yakan ɗan dushe. Da ƙidayar wannan dushewa masana suka san cewa Dimorphos yana gama zagaye ɗaya cikin awa 11 da minti 55. NASA ta ce ko da daƙiƙa 73 aka rage, ta ci nasara. Da aka auna bayan mako biyu sai aka ga an rage minti 32, daga baya lissafi ya daidaita a kan 33.

Abin da ya ba da wannan rarar shi ne ɓaraguzai. Dimorphos ba dunƙulallen dutse ba ne kamar na Zuma, tarin tsakuwa ne da duwatsu da suka manne wa juna sako-sako. Da kumbon ya daki wurin, sai ƙura da duwatsu suka yi tsiri zuwa baya, suka ja wutsiya mai tsawon sama da kilomita 10,000. Kamar yadda bindiga ke dukan kafaɗar maharbi idan harsashi ya fita, haka wannan feshin ya ƙara ingiza dutsen, har turin ya ninka na kumbon kusan sau uku da rabi. Wani ɗan ƙaramin kumbo na Italiya, LICIACube, da DART ya sauke kwana 15 kafin karon, ya biyo baya ya ɗauki hotunan.

Minti 33 ɗin me zai tsinana idan dutse ya nufo mu da gaske?

Gudun dutsen ya canza da abin da bai kai milimita 3 a daƙiƙa ba. Tururuwa ta fi haka sauri. Sai dai duniya ba a tsaye take ba, tana gudun kilomita 30 a daƙiƙa, kuma cikin minti bakwai takan matsa da tsawon faɗinta gaba ɗaya. Idan ka sa dutse ya makara da minti bakwai, zai iso mahaɗar ya tarar mun wuce. Canjin santimita ɗaya a daƙiƙa, idan aka ba shi shekara goma, ya haura kilomita 3,000. Idan kuwa saura wata biyu aka gano dutsen, wannan dabarar ba ta da amfani ko kaɗan.

Shi ya sa a ganina dukan dutsen shi ne ɓangare mai sauƙi, ko da yake shi ya fi daɗin kallo. Wahalar tana wajen hango shi da wuri. Cikin duwatsun da ke kusantar duniya, manyan da suka kai kilomita guda, an gano fiye da kashi 90 cikin 100 nasu. Masu mita 140 zuwa sama kuwa, waɗanda ɗaya zai iya shafe birni da kewayensa, ba a gano ko rabinsu ba. Na Chelyabinsk a Rasha, ranar 15 ga Fabrairu 2013, bai wuce mita 20 ba, ya zo ta ɓangaren rana inda na'ura ba ta gani, ya fashe a sama ya jikkata kimanin mutum 1,500. Yawancinsu gilashin taga ne ya yanke su, don da suka ga walƙiya sai suka matsa su leƙa, ƙarar kuma ta iso daga baya. NASA tana gina wata na'urar hange mai suna NEO Surveyor da za ta nemo irin waɗannan duwatsu ta hanyar zafin jikinsu, sannan sabuwar cibiyar Vera Rubin da ke Cile ta gano sababbin duwatsun sararin samaniya iri-iri sama da 2,000 cikin 'yan darare na gwaji a 2025.

Irin wannan ya taɓa faɗowa a yankinmu?

Sosai. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai kilo 18 ya faɗo a Zagami, cikin ƙasar Katsina, 'yan taku kaɗan daga wani manomi da ke korar tsuntsaye a gonarsa. Bincike ya nuna daga duniyar Mars ya taso. A Oktoba 2008 an hango wani mai mita huɗu saura ƙasa da kwana guda ya iso, aka ce arewacin Sudan zai faɗa, can kuwa ya faɗa. Shi ne na farko da aka taɓa gani kafin saukarsa, kuma ɗaliban Jami'ar Khartum sun shiga hamada sun tsinto gutsattsarinsa. Tafkin Bosumtwi na kusa da Kumasi ma rami ne da dutse ya haƙa shekara kusan miliyan guda da ta wuce.

Ina labarin wanda aka yi ta yaɗawa cewa zai faɗo a 2032?

Wannan 2024 YR4 ne, mai kimanin mita 60, wanda aka gano a ƙarshen Disamba 2024. A Fabrairu 2025 yiwuwar ya daki duniya ranar 22 ga Disamba 2032 ta hau zuwa kashi 3.1 cikin 100, kuma layin da aka zana na inda zai iya sauka ya ratsa Afirka, shi ya sa WhatsApp ya ɗauka. Cikin kwanaki aka ƙara auna shi, yiwuwar ta faɗi kusan sifili. Haka lissafin yake tafiya: muddin duniya tana cikin da'irar shakku, wato yankin da ake zaton dutsen zai iya bi, duk ƙanƙancewar da'irar sai kason ya hau, har ranar da duniya ta fita daga ciki ya rushe gaba ɗaya. Masu tura saƙon farko dai ba su dawo da na biyu ba.

An gama da Dimorphos ke nan?

Da saura. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba kumbon Hera ranar 7 ga Oktoba 2024, da jadawalin isa can a ƙarshen 2026. Aikinsa ya auna nauyin dutsen daidai, ya duba ko rami aka yi masa ko kuwa siffarsa ce ta sauya baki ɗaya. Ba tare da wannan awon ba, ba za a iya cewa dabarar za ta yi aiki iri ɗaya a kan wani dutsen ba.

Akwai wanda za mu iya gani da idonmu?

Akwai Apophis, mai faɗin kimanin mita 340. Da aka gano shi a 2004 ya tayar da hankali, amma awon da aka yi da rada a 2021 ya tabbatar ba zai taɓa mu ba nan da shekara 100. Ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2029 zai wuce a tazarar kilomita 32,000 daga ƙasa, ƙasa da inda taurarin ɗan'adam masu kawo mana tashoshin talabijin suke zaune. Afirka da Turai da yammacin Asiya su ne za su kasance cikin dare a lokacin. Wanda ke ƙauye, ko unguwar da aka ɗauke wuta, in Allah ya kai mu kuma sama ta yi garau, bayan Isha'i zai iya ganin wani ɗan tauraro yana tafiya a hankali a tsakanin sauran.