'Yan Latino ba baƙi ba ne a majalisun jihohin Amurka

Mutane da yawa sun ɗauka cewa 'yan Latino, wato Amurkawa masu asali da ƙasashen Latin Amurka, baƙin haure ne da suka shigo jiya, kuma sai a 'yan shekarun nan suka fara zama a majalisun dokokin jihohi. Wannan fahimta ba daidai ba ce. Yankunan da a yau ake kira Kalifoniya da Teksas da New Mexico sun kasance ƙarƙashin Meziko, don haka dubban iyalai masu jin Sifaniyanci suna zaune a gidajensu iyakar Amurka ta zo ta same su, musamman bayan yarjejeniyar 1848 da ta kawo ƙarshen yaƙin Amurka da Meziko. José Antonio Navarro ya shiga majalisar dattawan Teksas tun 1846, Romualdo Pacheco kuwa ya yi sanata a Kalifoniya kafin ya zama gwamna a 1875.

Abin da ya haifar da kuskuren shi ne dogon lokacin da aka danne su da gangan. Teksas ta ɗora harajin jefa ƙuri'a daga 1902 har 1966, Kalifoniya kuma ta gindaya sharaɗin iya karanta Turanci, aka kuma yanka mazaɓu yadda ƙuri'unsu za su narke cikin na wasu. Sai da kotuna suka sa baki, aka kuma faɗaɗa dokar kare 'yancin zaɓe a 1975 ta haɗa da masu jin Sifaniyanci, sannan adadinsu ya ƙaru, har Cruz Bustamante ya zama kakakin majalisar Kalifoniya a 1996.