Kayan Aikin Dasa Lallausan Ilektirod a Cikin Ƙwaƙwalwa

Kayan aikin dasa lallausan ilektirod su ne allurai, madogarai da na'urorin tiyata da ake amfani da su wajen shigar da siraran zaruruwa masu ɗaukar lantarki, wato lallausan ilektirod, cikin naman ƙwaƙwalwa, domin sauraron saƙonnin ƙwayoyin jijiya ko motsa su. Ana yin zaruruwan da roba mai laushi, galibi foliyimaid ko farilin, a shimfiɗa musu layukan zinariya ko filatinom, kuma kaurin wasunsu bai wuce maikiron 5 ba, alhali gashin kan mutum yakan kai maikiron 50 zuwa 100.

Dalilin buƙatarsu

Ilektirod na farko da suka yi fice masu tauri ne. Wanda Richard Normann ya ƙirƙira a Jami'ar Utah ta Amurka faranti ne na silikon mai faɗin milimita 4 a kowane gefe, ɗauke da tsinke 100, kuma da na'ura mai aiki da iska ake buga shi cikin ƙwaƙwalwa a bugu ɗaya mai sauri. Matsalarsa tana bayyana ne bayan an rufe kai. Naman ƙwaƙwalwa bai fi awara ƙarfi ba, kuma ba ya zama wuri guda, domin yana motsi da kowane bugun zuciya da kowane numfashi. Tsinke mai tauri ba ya bin wannan motsi, sai ya yi ta gogar naman da ke kewaye da shi har tabo ya taru, ƙwayoyin jijiya su ja baya, saƙo ya dushe.

Lallausan zare yana rage wannan illa saboda yana bin nama duk inda ya karkata. Sai dai laushin da ya sa ya dace da zama shi ne ke hana shi shiga. Duk wanda ya taɓa tura zare cikin yadi ba tare da allura ba ya san abin da ke faruwa: bakin zaren ya taɓa yadin, tsakiyarsa ta lanƙwashe. Haka ilektirod ke yi idan ya ci karo da siririn mayafin da ke manne a saman ƙwaƙwalwa. Aikin kayan dasawa shi ne ba zaren aron ƙarfi na ɗan lokaci, sannan a janye ƙarfin a bar shi da laushinsa.

Hanyoyin dasawa

Hanya mafi yaɗuwa ita ce allurar rakiya. Ana manna zaren a jikin siririyar wayar tangistin ko tsinken silikon da wani danƙo mai narkewa da ake kira PEG. Idan allurar ta kai zurfin da ake so, sai a ɗiga ruwan gishiri na asibiti, danƙon ya narke, a zare allurar a hankali. Nan ne gwanintar mai tiyata take bayyana, domin idan danƙon ya narke da wuri zaren zai rabu da allura tun bai shiga ba, idan kuwa aka yi gaggawar janyewa allurar za ta fito da shi. Babban aibin hanyar shi ne girman raunin daidai yake da kaurin allura, komai sirantar zaren.

Wasu masu bincike sun bar allura, suka lulluɓe zaren da abin da ke daskarewa sannan ya narke a jiki, kamar sinadarin siliki, jelatin ko sukarin maltos. A shekarar 2015 kuma, ɗakin binciken Charles Lieber na Jami'ar Harvard ya nuna yadda ake tura ilektirod mai siffar raga ta bakin sirinji.

Akwai dabarar da ta cancanci kulawa saboda sauƙinta. Ƙa'idar masanin lissafi Euler ta nuna cewa idan aka rage tsawon sandar da ba ta da madogari zuwa rabi, nauyin da za ta ɗauka kafin ta lanƙwashe yana ninkuwa sau huɗu. Sauro yana cin moriyar wannan: bakinsa siriri ne ƙwarai, amma kuben da ke kewaye da shi yana tallafe shi daidai kan fata. Ayarin Jeffrey Capadona na Jami'ar Case Western Reserve ya kwaikwayi hakan a 2018, inda ya ɗora ƙaramin madogari mai tsaga daidai saman wurin dasawa domin ilektirod ya bi ta cikinsa.

Na'urar ɗinki

Dasa zaruruwa masu yawa ɗaya bayan ɗaya da hannu yana cin lokaci, kuma saman ƙwaƙwalwa cike yake da ƙananan jijiyoyin jini da dole a kauce musu. Saboda haka Timothy Hanson da Philip Sabes da abokan aikinsu a Jami'ar Kalifoniya ta San Francisco suka ƙera na'urar da suka kira keken ɗinki. Kowane zare yana da ɗan zobe a bakinsa. Allura ɗaya ce ke saƙale zoben, ta nutsa da shi, ta fice da sauri, ta koma ta ɗauko na gaba.

Kamfanin Neuralink ya faɗaɗa wannan tsari. A bayanin da ya fitar a 2019, na'urarsa tana amfani da allurar tangistin da riniyom mai kaurin maikiron 40 wadda aka fiƙe zuwa 24, tana iya dasa zare 6 a minti ɗaya, masu ɗauke da ilektirod 192, wato ƙananan wuraren ɗaukar saƙo da ke jikin zaruruwan, yayin da kyamarori ke nuna wa likita inda jijiyoyin jini suke. A watan Janairun 2024 aka dasa wa Noland Arbaugh, wanda ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa, zare 64 masu ilektirod 1,024 a asibitin jijiyoyi na Barrow da ke birnin Phoenix a jihar Arizona, har ya riƙa sarrafa kwamfuta da tunaninsa. Bayan 'yan makonni zaruruwa da dama suka zame daga mazauninsu, abin da ya nuna cewa shigar da zare lafiya bai wadatar ba sai an tabbatar ya kafu. A tiyatar mutum na biyu cikin wannan shekarar, kamfanin ya ce ya rage motsin ƙwaƙwalwa yayin aiki, ya kuma rage tazarar da ke tsakanin na'urar da aka dasa a ƙoƙon kai da saman ƙwaƙwalwa.