Wurin wasan ruwa na yara a Magic Kingdom: dan Allah a karanta kafin a sake tambaya

Duk hutu sai an turo min tambayoyin nan, musamman iyaye mata masu shirin kai yara Disney World a Florida, Amurka. To ga amsa a wuri guda.

Meye sunan wurin?

Casey Jr. Splash 'N' Soak Station. Yana cikin Magic Kingdom, ɗaya daga wuraren wasa na Disney World, a ɓangaren Storybook Circus, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Fantasyland.

Ana biyan kuɗi daban?

A'a. Tikitin shiga ya isa. Yaro ƙasa da shekara 3 ma kyauta yake shiga gaba ɗaya.

Ai kududdufin iyo ne ko?

Ba iyo ba ne, na sha faɗa. Ba ruwa mai zurfi. Kan jirgi ne da taragai, giwaye da raƙuman dawa da birai na roba suna feso ruwa ta ko'ina, yaro ya shiga ya jiƙe sharkaf ya fito.

Wai da can wani abu ne a wurin?

Wannan kam ina son a sani. A 1988 aka buɗe ɓangaren da sunan Mickey's Birthdayland don bikin cikar Mickey Mouse, ɓeran katun na Disney, shekara 60, a 1990 ya koma Mickey's Starland, a 1996 kuma Mickey's Toontown Fair. A lokacin ne aka kafa kwale-kwalen Donald Duck, agwagwar katun, mai suna Miss Daisy, wanda aka yi shi kamar ya huhhuje ruwa na tsartuwa, nan yara ke wasan ruwa. An rufe ɓangaren a Fabrairun 2011, aka rushe kwale-kwalen, sai Casey Jr. ya buɗe a Yunin 2012. Shi jirgin, wato Casey Jr., daga katun ɗin Dumbo na 1941 aka ɗauko shi. In kun je ku duba lambobin jikin taragan: 71, 82, 89, 98. Shekarun da aka buɗe wuraren wasa huɗu na Disney World ne, Magic Kingdom 1971, Epcot 1982, Hollywood Studios 1989, Animal Kingdom 1998. Mutane na wucewa ko kallo ba sa yi, abin na ba ni haushi wallahi.

In bar ɗana mai famfas ya shiga?

To nan fa sai an bi a hankali, kuma ni ba likita ba ce. In lafiyarsa lau, a sa masa famfas na shiga ruwa, ba irin na kullum ba wanda ke shan ruwa ya kumbura ya rataya har gwiwa. Amma kar a ɗauka shi ma ya gama komai, yana riƙe kashi mai tauri ne kawai, zawo kam zai fita. Galibin irin waɗannan wurare ruwan juyawa yake yi, a tace shi a sa kilorin ya dawo, kuma akwai ƙwayar cutar Cryptosporidium da ke iya yin sama da mako guda a cikin ruwa mai kilorin ba ta mutu ba. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ke cewa mai zawo kar ya shiga, in kuma an tabbatar wannan ƙwayar cutar ce ta kama shi a jira mako 2 bayan zawon ya tsaya. Na san za a ce mun kashe kuɗi mun yi doguwar tafiya yaro na kuka, eh na sani, amma 'ya'yan wasu fa? Haba. Sannan a hana shi buɗe baki yana tarar ruwan, a hana shi zama kan bakin famfon, a riƙa duba famfas ɗin duk awa ɗaya, canjin kuma a bayi, ga shi nan kusa, ba kan benci ba. In jariri ne da bai fara tafiya ba, ni dai da zan riƙe shi a gefe inda feshin ke isowa kaɗan-kaɗan, saboda manyan yara gudu suke ba sa duba ƙasa. Kar hankalinki ya tashi, akasarin yara suna shiga su fito lafiya lau.

Me zan ɗauko?

Kayan canji, tawul, leda ta zuba jiƙaƙƙun kaya, da takalmin roba. Kar ki shigar da yaro cikin sanyin iyakwandishan da jiƙaƙƙiyar riga sannan ki ce mura ta kama shi.

Wane lokaci ya fi?

Tsakar rana. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa hadari da tsawa kan taso da yamma, kar ku bari sai la'asar.