Ƙera kwafin kayan fim da na gem

Ƙera kwafin kayan fim da na gem sana'a ce ga wasu, ga wasu kuma sha'awa ce kawai, inda mutum zai kalli abun da jarumi ya riƙe ko ya saka a cikin fim ko gem ɗin kwamfuta, takobi ne ko garkuwa ko kwalkwali ko sulke ko bindigar ƙarya, ya zauna ya yi irinsa sak da hannunsa. Masu saka kayan su fita da su bainar jama'a suna kwaikwayon jarumin, abun nasu shi ake cewa kosfile. Amma ba duk mai ƙerawa ne yake sakawa ba, akwai wanda in ya gama sai ya rataye a bangon ɗakinsa shikenan, akwai wanda masu shirya fim da masu bidiyon waƙa yake yi wa. Tushen aikin duka ɗaya ne dai, yaudarar ido: roba ta fito kamar ƙarfe, kwali ya fito kamar dutse, abun da aka gama jiya ya zama kamar ya shekara ɗari yana yawo a fagen fama.

Asali

A taron masoya ƙagaggun labaran kimiyya na duniya na farko da aka yi a New York a 1939, Forrest Ackerman da Myrtle Douglas sun zo sanye da kayan "mutanen gaba" waɗanda ita Myrtle ta ɗinka, kuma yawanci daga nan ake fara lissafin abun. Sunan kosfile kuma daga Japan ya fito a farkon shekarun 1980, wani marubuci Nobuyuki Takahashi ne ya haɗa kalmomin Turanci biyu, na sutura da na wasa, ya gutsure su. Comic-Con, taron masoya labaran zane da fina-finai na San Diego, ya fara a 1970, taron duniya na kosfile a Nagoya ya fara a 2003, sannan akwai ƙungiyar 501st Legion da aka kafa a Amurka a 1997, su ba ruwansu da komai sai kayan sojojin Star Wars, kuma kafin su karɓe ka sai sun duba kayanka sun ga ya yi daidai da ƙa'idarsu.

Shigar burtu dai ba baƙon abu bane a wajenmu. Yaran ƙasar Hausa suna manna gemun auduga su yi tashe da azumi tun kaka da kakanni, a nan Gana kuma duk 1 ga Janairu garin Winneba cika yake da masu shigar ban mamaki, haka Takoradi lokacin Kirsimeti. Bambancin kawai shine shi mai kwafi akwai abun da yake bi, in layi uku ne a gefen kwalkwalin to uku zai yi, in ya yi huɗu masu sani zasu gane.

Na asalin ma da tarkace aka yi su

Wannan shine abun da sabon shiga bai cika sani ba. Takobin haske na Star Wars na 1977, mariƙinsa hannun fitilar tsohuwar kyamara ce ƙirar Graflex, Roger Christian mai ƙawata wurin ɗaukar fim ɗin ne ya samo ta ya manna mata 'yan tarkace. Bindigar Han Solo, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, tsohuwar Mauser C96 ce ta Jamus aka yi wa ƙari, ta fararen sojojin kuma Sterling ce ta Ingila. Shi yasa har yau masu kwafi ke farautar wannan Graflex ɗin, abun da a da ba mai kallonsa yanzu ya yi tsada. A Lord of the Rings kuma kamfanin Weta Workshop na New Zealand bai yi yawancin sulken da ƙarfe ba, bututun roba suka yayyanka zobe zobe, miliyoyi, aka harhaɗa da hannu aka yi musu launin ƙarfe, don in na gaske ne ɗan wasa ba zai wuni da shi yana gudu ba. Duk wanda ya taɓa ɗaga sulken hawan sallah na gaske ya san nauyin da ake magana.

Kayan gem kuma matsalarsu daban, don su ba a taɓa yinsu a duniya ba sam, zane ne a kwamfuta. Takobin jarumin Final Fantasy VII na 1997 ya kusa kai tsawon mai shi ga faɗi kamar ƙyaure, in maƙeri ya buga shi da ƙarfe sai dai a ajiye a ƙasa ana kallo. Toh dole mai kwafi ya yi dabarar da mai zanen bai damu da ita ba, ina nauyi zai zauna, ya mutum zai lanƙwasa gwiwa a cikin sulken, ta ina zai cire in fitsari ya matsa shi. Sauƙinsu guda dai shine, a gem kana iya juya abun ka kalle shi ta kowane gefe, a fim kuwa wani lokacin daƙiƙa biyu aka nuna shi a cikin duhu.

Kayan aiki da yadda ake yi

Sarkin kayan aikin yanzu shine robar EVA, wato irin robar nan mai laushi ta silifas da tabarmar ɗakin motsa jiki, tana zuwa falle falle daga milimita 2 har 10 ko fiye. Masu yin takalma a Kumasi sun fi kowa saninta, da ita da gam ɗin takalmin nan mai wari da ake shafawa gefe biyu a bari ya sha iska kafin a haɗa, kuma gaskiya shi ne gam ɗin da ya dace da ita. Ana yanka ta da reza mai kaifi sosai, in wuƙar ta dakushe bakin yankan zai yi kaca-kaca kuma fenti baya ɓoye wannan, sannan a busa mata zafi da na'urar hura zafi ta yi laushi a lanƙwasa ta a kan gwiwa ko ƙwarya, in ta huce a haka zata tsaya. In kana son kusurwa sai ka karkata wuƙar wajen yanka, baki biyu masu karkata in sun haɗu su suke bada kaifin da ido ke ɗauka ƙarfe ne.

Fatin, wato samfurin da ake bi a yanka, hanyar talaka ta fi kowace sauƙi: a naɗe kai ko hannun mutum da leda, a bi da salatif har ya rufe, a zana layukan a kai da alƙalamin maka, a yanke a shimfiɗa a kan takarda. Duk telan da ya iya yanka zai gane wannan cikin minti biyar. Masu kwamfuta kuma suna da Pepakura, manhaja ce ta Japan da take warware siffa mai tudu da kwari ta mayar da ita falle falle a takarda, ka buga ka yanka ka manna, daga baya a ƙarfafa ta da resin, wato ruwan roba mai daskarewa ya yi tauri, da zaren gilashi irin na masu gyaran bodin mota. Akwai kuma Worbla daga Jamus, fallen roba ne da yake laushi da zafi ya manne da kansa, yana da kyau amma a nan sai an yi odarsa daga waje, kuɗin jirgi ma kaɗai ya isa ya hana ka.

Sai firinta mai fitar da abu da jikinsa, wadda ake cewa 3D. Ta yi arha ne bayan haƙƙin mallakar fasahar narka zaren roba ya ƙare a 2009, ga kuma aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a jami'ar Bath a 2005 wanda ya saki zanen na'urar kyauta. Mutane suna ɗauka danna maɓalli ne kawai abu ya fito, ina! Kwalkwali ɗaya yana iya cin kwana ɗaya ko biyu yana bugawa, ya fito da layi layi a jikinsa, sai ka bi da samfefa da foti da samfefa kuma har hannunka ya gaji. In wuta ta ɗauke a tsakiya, dumsor ɗin da muka sani, sau da yawa aikin ya tashi a banza sai dai in kana da abun riƙe wuta. Har manyan fina-finai suna amfani da ita, hular sarauniya a Black Panther na 2018 da firinta aka yi ta a kan siffar hular matan Zulu, kuma Ruth Carter da ta tsara kayan fim ɗin ta ci Oscar a 2019.

Fenti ne yake raba gwani da ɗan koyo. EVA shan fenti take kamar soso, don haka sai an fara toshe ta, masu hali suna fesa Plasti Dip, wato ruwan robar fesawa na gwangwani, marasa hali su shafa farin gam ɗin kafinta sau uku ko huɗu. Daga nan baƙi a ƙasa, sannan launin, sannan abun da ya fi komai muhimmanci wato tsufar da shi. A tsoma busasshen buroshi a fentin azurfa a goge kusan duka a tsumma, a shafa a bakin kusurwoyi kamar inda fenti ya goge don gogayya, a tsinka baƙi da ruwan ƙasa da ruwa a zuba a lunguna a share sama. Garin bakin fensir in an murza a kan baƙin fenti ƙyalli yake kamar ƙarfen bindiga. Tufa kuma ana jiƙa ta a ruwan shayi, a goga mata jar ƙasa, a ci bakinta da samfefa. Abun da ya fito fes ba tabo ko ɗaya kamar kayan wasan yara yake zama, komai wahalar da aka sha a kansa.

A Akra da Kumasi

Wanda yake Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, in ya duba da kyau duk hannayen da wannan aiki ke buƙata suna unguwarsu, tela yana nan, baduku mai kube da ɗamara yana nan, mai walda, kafinta, mai fentin mota, mai gyaran waya da zai haɗa maka 'yan fitilun LED da batir. Suame Magazine a Kumasi kuwa gari ne guda na makanikai da maƙera, ƙarfen da ka rasa a can da wuya ka same shi a wani wuri, a Akra kuma Abossey Okai ce matattarar kayan mota. Gwanjo sai Kantamanto, inda dilolin obroni wawu, wato tsofaffin tufafin Turai, ke sauka, tsohon kot, but, bel ɗin fata, jakar soja, labulen da zai zama alkyabba, kasuwar ta ƙone ƙurmus a farkon Janairun 2025 amma 'yan kasuwa sun sake kafa rumfunansu. Yadi da maɓalli da zif kuma Makola ko Kejetia.

Kuma ƙasar nan dama ta san kwafi. Masu akwatin gawa na Teshie, tun zamanin Kane Kwei a shekarun 1950 har zuwa su Paa Joe, suna sassaƙa katako ya fito kifi ko mota ko jirgin sama, ba al'adarmu bace mu Musulmi amma ta fuskar gwaninta aiki ɗaya ne, auna abu, rage shi ko ƙara shi, yi masa fenti har ido ya yarda. Bikin Chale Wote da ake yi a Akra tun 2011 shima wuri ne da masu shigar ban mamaki ke fitowa. Abun da yake ƙaranci a zango shine wanda zai haɗa waɗannan hannayen wuri ɗaya, da kuma haƙurin tela, don in ka kai masa hoton rigar gem ana saura sati biyu sallah ko kallonka ba zai yi ba.

Babban abokin gaba a nan zafi ne. Zaren PLA da yawancin firintoci ke amfani da shi yana fara laushi a wajen digiri 60, motar da aka rufe a rana tana iya kaiwa haka, sai ka dawo ka tarar takobinka ya lanƙwashe kamar lauje, shi yasa zaren PETG ko na ABS, masu jure zafi, suka fi dacewa da mu. Gam ɗin kyandir shima sakin jiki yake a rana. Iskar teku a Akra tana sa ƙarfe tsatsa da wuri, damina fenti ya ƙi bushewa, hunturu kuma ƙura ta zauna a kan ɗanyen fenti. Shi kansa mai sakawa, EVA bata shan gumi bata barin iska ta wuce, awa ɗaya a ciki ka jiƙe sharkaf, masu dabara suna huda ƙofofin iska a inda ba a gani ko su saka ƙaramar fankar kwamfuta a cikin kwalkwalin. 'Yan mata masu hijabi da yawa a duniya suna shiga abun, sai su mayar da mayafin ya zama gashin jarumar ko hularta.

Lafiya da doka

Warin gam ɗin takalmi da resin da fentin fesawa yana illa ga huhu da kai, ƙurar samfefa ma haka, a waje ake yinsu da takunkumi mai matata, ba a ɗaki ɗaya da yara ke kwana ba.

Ta wajen haƙƙin mallaka, yi wa kanka ba kasafai yake jawo magana ba, sayarwa ce ke jawowa. Andrew Ainsworth wanda ya ƙera kwalkwalin fararen sojojin Star Wars na asali ya dawo yana sayar da kwafinsu, Lucasfilm, kamfanin da ya yi fim ɗin, ya kai shi ƙara ya yi nasara a Amurka, amma a 2011 kotun ƙolin Birtaniya ta ce kwalkwalin kayan aikin fim ne, bai shiga sahun sassaƙen fasaha ba, don haka yana iya ci gaba da sayarwa a can Ingila.

Bindigar ƙarya ita ce mai haɗarin gaske, don iya kyanta iya yadda ɗan sanda zai ɗauka ta gaske ce. A Amurka doka ta sa ana saka wa bindigar wasa baki mai ruwan lemo, manyan taruka kuma suna duba duk makami a ƙofa su ɗaura masa alama, ƙarfe mai kaifi baya shiga. A Gana akwai dokar 1973 da ta hana farar hula saka kakin soja da kayansu, kenan mai son kwaikwayon sojan cikin gem ya kiyayi yadi mai dabbare-dabbare ko da a Kantamanto ya saye shi. In za a kai irin waɗannan kaya wurin ɗaukar hoto, a jaka ake rufe su, ba a riƙe su a hannu a cikin trotro, balle a bi da su ta shingen 'yan sanda da dare.