Tsofaffin kalmomin zagin mata a Turanci: daga ina suka fito?

Tun asali zagi ne?

Yawancinsu a'a, kuma nan ne abin takaicin. Hussy, wadda ake jifar mace marar kamun kai da ita, guntun housewife ce, wato matar gida. An gutsure ta a ƙarni na 16, kafin ƙarshen na 17 ta lalace. Wench, wadda ta koma nufin 'yar aikin gida har da fasiƙa, daga wenchel ta fito, wato ƙaramin yaro ko yarinya. Slut a wajajen shekarar 1400 ƙazama take nufi, macen da ba ta shara ba ta wanke-wanke; maganar fasiƙanci daga baya ta shigo. A 1975 masaniyar harshe Muriel Schulz ta nuna cewa sunayen mata sun fi na maza saurin zamewa zuwa ɓatanci.

Akwai waɗanda aka fara kiran maza da su?

Akwai. Harlot, da yanzu ake fassarawa da karuwa, daga tsohon Faransanci ta zo, kuma a ƙarni na 13 namiji ɗan iska mai yawon banza take nufi. Shrew kuwa jaɓa ce. Mutanen Ingila na da sun ɗauka cizonta mugun dafi ne, sai suka riƙa kiran duk mugu da sunanta, namiji ko mace, kafin a bar wa mace mafaɗaciya.

Spinster fa?

Mai kaɗi ce, mai murza mazari. Da yake 'yan mata marasa aure ne suka fi wannan sana'a, daga ƙarni na 17 kalmar ta shiga takardun hukuma a matsayin wadda ba ta taɓa aure ba, sannan ta koma gori ga tuzuruwa. Sai a 2005 aka daina rubuta ta a takardar aure a Ingila da Wales.

Da gaske ne an hukunta mata a kan kaifin baki?

Ƙwarai. Scold ba zagi kawai ba ne, laifi ne a dokar Ingila: macen da ta addabi maƙwabta da masifa. Akan ɗaure ta a kujerar da ke ƙarshen dogon itace, a dulmiya ta cikin rafi jama'a na kallo. An yi wa wata mata mai suna Jenny Pipes haka a garin Leominster na Ingila a 1809. Akwai kuma linzamin ƙarfe da ake kifa wa mace a ka, da harshen ƙarfe mai danne nata harshen don kada ta iya magana. A Sikotland an ambace shi tun 1567. Laifin scold bai fita daga dokar Ingila ba sai 1967.

Wacce ce ta shafi Musulmi?

Termagant. Sunan wani gunki ne da Kiristocin Turai na da suka ƙaga, suka yi ƙaryar cewa Musulmi na bauta masa. A wasannin kwaikwayonsu mai hayaniya ne da tada jijiyar wuya, daga nan sunan ya koma kan mace mai faɗa.

Me mai fassara zai kiyaye?

Shekarar rubutun. In ka tarar da wench ko slut a tsohon littafi ka ce karuwa, mai yiwuwa ka yi wa 'yar aikin gida ƙazafi. A yau kuwa slut zagi ne mai ciwo ƙwarai, kada ka furta ta ko da wasa.