Firji mai allo da intanet: me zai tsinana wa kicin ɗinmu a Gombe?

A tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke taɓa digiri 40 a Gombe, zagayen gida-gida na aikin lafiya ya kai ni wani gida a Tumfure. Yaron gidan, ɗan shekara 3, ya kwana yana amai da gudawa, idanunsa duk sun faɗa. Muka haɗa masa ruwan gishiri da sukari, na nuna wa uwar yadda za ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan tare da ƙwayar zink, sannan na tambayi abin da ya ci. Ta ce shinkafa da miyar kifi ce ta shekaranjiya, daga firji ta ɗauko ta ɗan ɗumama masa.

"Anti, wallahi ba daga abincin ba ne," in ji ta. "Zo ki ga firjin da Abbansu ya saya."

Ta ja hannuna zuwa kicin. Firji ne gangariya mai ƙofa biyu, ya fi ni tsawo, ga allo kamar na talabijin a jikin ƙofar dama, an rubuta 3 ɓaro-ɓaro. Na ciro ma'aunin da muke sawa a akwatin allurar rigakafi, na tsoma shi a kofin ruwan da ya kwana a ciki, muka rufe muka koma falo. Da muka dawo ya nuna 14. Ashe tun bayan isha'i ake ɗauke musu wuta, ba a kawowa sai da hantsi, haka aka yi jiya, haka shekaranjiya. Lambar da ke jikin ƙofar firji da yawa, lambar da aka saita ce, wato sanyin da ake so ya kai, ba sanyin da abincin ke ciki a lokacin ba. Ta yi shiru, can ta ce, "Ni duk zatona ya san abin da yake yi."

Wannan zaton ne ya hana ni sakat, domin na fara ganin irin firjin nan a gidajen amare da na ma'aikata, kuma tambaya ɗaya ake yi mini: ya cancanci kuɗinsa?

Firji mai intanet ba sabon abu ba ne. Kamfanin LG na Koriya ta Kudu ya fitar da nasa tun shekarar 2000, a kan farashin da ya kai kusan dala 20,000, bai kuwa samu kasuwa ba. Sai a 2016 Samsung ya nuna firjinsa mai suna Family Hub a bajekolin kayan lantarki na Las Vegas a Amurka, mai allon inci 21.5 da kyamarori a ciki da ke ɗaukar hoto duk lokacin da aka rufe ƙofa. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Yau akwai wanda za ki ƙwanƙwasa gilashinsa sau biyu fitila ta kama ki ga ciki ba tare da kin buɗe ba. Akwai wanda ke haɗuwa da manhaja a wayarki, kina kasuwa ki leƙa abin da ya rage, ki ƙara ko ki rage sanyi, ya turo miki saƙo idan an bar ƙofa a buɗe, ya lissafa wutar da ya sha, ya faɗi inda ya samu matsala. Na allon kuma suna kunna rediyo, suna nuna girke-girke da kalanda.

A cikin duka wannan, abu biyu ne suka burge ni a matsayina ta ma'aikaciyar lafiya: gargaɗin ƙofa da gargaɗin hawan zafi. Duk gidan da ke da yara ya san yadda ƙofar firji ke wuni a lokacin zafi, wannan ya ɗauki ruwa, wancan ya ɗauki zoɓo, na ƙarshe ya tura ta da ƙafa bai duba ko ta kama ba. Firjin da zai yi ƙara ko ya turo saƙo ya yi aiki. Haka gidan da ke da mai ciwon sukari. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma idan ya daskare ya lalace. Ga irin wannan gida, sanin cewa sanyi ya sauya ba abin ado ba ne.

Sauran kuwa, yawancinsu ba don kicin ɗinmu aka ƙera su ba. Kyamara tana da amfani inda abinci ke zuwa a kwali da kwalba masu rubutu. Mu namu a tukunya yake, a kula, a roba mai murfi, a baƙar leda. Ki buɗe wayar a kasuwa, marafai za ki gani. Tunatar da ranar lalacewar abinci ma haka. Tumatir da attaruhun da aka ɗauko daga Kwadon ko Dadin Kowa, naman mahauci, nonon da 'yar Fulani ta kawo da safe, babu wanda ke ɗauke da kwanan wata, sai dai ki zauna ki shigar da hannu, kuma ba matar da ke da girki da yara da aiki da za ta jure wannan har wata guda. Umarnin baki ba ya jin Hausa. Sayayya ta allon kuma an tsara ta ne da kantunan ƙasashensu.

Babbar maganar ita ce wuta. A tsarin NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, an kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni: 'yan rukunin A aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A Afrilun 2024 kuɗin rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit kafin a ɗan sassauta. A watan ne kuma ɓata-gari suka kayar da turakun babban layin Jos zuwa Gombe, muka yi makonni cikin duhu. Wanda ke da nama a firiza a lokacin bai manta ba. To, duk wayon firjin nan a kan wuta da intanet ya dogara. Idan aka ɗauke wuta, firjin ya mutu, na'urar intanet ta gidan ta mutu tare da shi, saƙon gargaɗin da aka saye shi dominsa ba zai fito ba a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Abin da ya faru a gidan Tumfure ke nan.

Dawowar wutar ma wata fitina ce. Wani lokaci ta zo da ƙarfin da ya wuce kima, wani lokaci ta zo rabi-rabi, kwan fitila na ja kamar garwashi. Firji na gama-gari, idan ya tsaya, mai gyara na unguwa zai duba gas, ya canza ɗan abin da ya ƙone, zuwa yamma ya dawo aiki. Mai intanet kuwa fanel, wato ƙwaƙwalwar lantarkin da ke cikinsa, shi ke juya komai nasa. Idan fanel ya ƙone, sai an yi odarsa daga Kano ko Legas, wani sa'in daga waje, abinci kuwa ba ya jira. Ga kuma bambancin tsawon rai: firji mai kyau yakan haura shekara 10 yana aiki, amma manhaja, kamar ta waya, tana tsufa da wuri, kamfani ya daina sabunta ta, allon ya zama hoto.

Masu sayen na hannu da ake shigowa da su, ku duba takardar da ke liƙe a ciki ko a baya. Wanda aka yi wa Amurka wuta mai ƙarfin volt 120 yake ɗauka, tamu kuwa 230 ce. A takardar nan kuma akwai harafin da ke nuna zafin ɗakin da firjin zai iya jurewa: N da SN iyakarsu digiri 32, ST 38, T kuma 43. Kicin ɗin Gombe a Maris da Afrilu, ga murhu ga kwanon rufi, harafin T yake so. Wannan harafi ɗaya ya fi mini allon gaba ɗaya, kuma da wuya ka ji mai saye ya tambaya.

Akwai kuma batun sirri, wanda mu a al'adarmu ba ƙarami ba ne. Kicin wurin mata ne, nan ake sakin jiki, nan ake hirar cikin gida. Na'urar da ke haɗe da intanet, wasu har da makirfo, baƙo ce da ba ta fita. A 2015 masu binciken tsaron kwamfuta a Ingila sun nuna cewa wani samfurin firjin Samsung na da ɓarakar da za a iya bi a saci bayanan shiga Gmail na mai shi. A 2025 kuma kamfanin ya fara gwajin sa talla a allon wasu firjinsa a Amurka, a jikin abin da mutum ya riga ya biya kuɗinsa. Wanda ya riga ya saya, ya sa kalmar sirri mai ƙarfi a intanet ɗin gidan, ya kashe makirfon idan ba ya amfani da shi.

Bari in dawo kan abin da ya fi damuna. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya nuna cewa a Afirka mutum miliyan 91 ke kamuwa da ciwo ta gurɓataccen abinci kowace shekara, 137,000 na rasuwa, kuma a duniya baki ɗaya yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne suka fi ɗaukar nauyin, kimanin 125,000 daga cikinsu na rasuwa kowace shekara. Firji ba ya kashe ƙwayar cuta, rage mata gudu kawai yake yi, shi ma idan sanyin ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa, firiza kuma 18 ƙasa da sifili. Tsakanin 5 da 60 nan ne ƙwayoyin ke hayayyafa. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje. A zafin bazara ma awa 1 ta isa. Idan aka ɗauke wuta, ƙa'idar hukumomin abinci na Amurka ita ce firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin awa 4, firiza cikakkiya awa 48, mai rabi awa 24. A zafin namu, ni ban taɓa ba kowa shawarar ya kai ƙarshen wannan lissafin ba.

Shinkafa na son kulawa ta daban. Akwai ƙwayar da ake kira Bacillus cereus, tana tsallake dahuwa, idan shinkafar ta jima da ɗumi sai ta zuba guba a ciki, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Shi ya sa za ki ji uwa na rantsuwa cewa ta tafasa abincin, kuma gaskiya ta faɗa. Hanci ma ba alƙali ba ne, abinci na iya cutarwa bai yi wari ba. Ɗanyen nama da kifi a ƙasa, a rufe, don kada ruwansu ya ɗiga kan abin da za a ci haka nan. Naman layya a rarraba shi ƙananan ƙulli kafin a sa a firiza, domin babban tsoka waje ne ke daskarewa, ciki na nan da ɗumi; wanda ya fi ƙarfin firiza a soya ko a shanya kamar yadda iyayenmu ke yi. Nonon uwa da aka tatsa yana kai kwana 4 a can ƙuryar firji, ba a jikin ƙofa ba, muddin sanyin bai yanke ba.

Dabarar da nake koya wa mata ba ta cin ko kwabo. Ki daskarar da ruwa a kofi, ki ɗora 'yar tsakuwa mai tsabta a kan ƙanƙarar, ki bar shi a firiza. Ranar da kika dawo daga unguwa ko tafiya kika tarar da tsakuwar a gindin kofi, to komai ya narke ya sake daskarewa a bayanki, ko da kin taɓa naman kin ji shi kamar dutse.

To wa zai more firji mai intanet? Gidan da ke da sola da batir masu ɗaukar firjin da na'urar intanet dare da rana, ga wakilin kamfanin da zai zo gyara, ga takardar garanti a hannu. Nan kam kwalliya na iya biyan kuɗin sabulu. Amma abin da ke sosa mini rai shi ne ganin uba ya ci bashi, ko uwa ta kwashe adashinta, don a ce ɗakin 'yarsu akwai firji mai talabijin, alhali unguwar da za a kai ta wutar awa 8 ma sai an yi sa'a. Mai babban allo kuɗinsa miliyoyin naira ne. Da wannan kuɗin za a sayi firji na gama-gari mai kwamfuresar inbata, wato injin sanyi da ba ya shan wuta sosai, mai harafin T, a haɗa da sitabilaiza mai jinkirta tashin injin na 'yan mintuna bayan an kawo wuta, a sa sola da za ta riƙe shi cikin dare, a sayi ƙaramin ma'auni a rataya a ciki, har canji ya rage. Mai sana'ar ƙanƙara da kunun aya a azumi kuwa, firiza mai murfi a sama ta fi mata, don sanyi ba ya zubewa idan an buɗe ta. Ɗakunan shan magani da yawa a ƙauyukanmu da firjin sola suke adana allurar rigakafi, ba allo ba kyamara, ma'auni ne da takardar da ake rubuta sanyin safe da yamma. Ga wanda ba shi da wuta sam, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana ƙara wa tumatir da ganye kwanaki a lokacin rani, sai dai ba ta nama ko magani ba ce.

Bayan mako biyu na sake bi ta gidan Tumfure. Yaron na tsakar gida yana tura taya. Uwar ta nuna mini ma'aunin da ta rataya a tsakiyar firjin, ta ce yanzu shi take fara dubawa da asuba kafin ta ɗora ruwan shayi, kuma ta rage yawan girki zuwa abin da za a cinye a ranar. Mai gidan ya kira mai haɗa sola ya auna abin da firjin ke ja cikin dare, suna jiran ƙarshen wata a ƙaro batir. Allon ƙofar dai har yanzu 3 yake nunawa, ma'aunin ciki a safiyar ranar ya nuna 9.